Jirgin da Ba Ya Ƙara

Dona Zuleide tana sayar da dafaffiyar masara a tashar motar ƙauyensu a jihar Maranhão. Jirgin ƙasa mai dakon tama na wucewa sai wani baƙo ya tsaya saye.

"Kin gani, Dona? Sabon kan jirgi, batir ke jansa. Ba hayaƙi, ba ƙara."

"Ai ƙarar muke so, ɗana. Ita muke ji tun daga nesa mu kore shanu daga layin dogo. Wannan munafukin, ran Talata ya take mini saniya."

"Ayya. Amma sau uku aka danna mata hon, mai farin goshin nan ko kai ba ta ɗaga ba."

Ta janye masarar da ta miƙa masa.

"Yaushe na ce maka farin goshi gare ta?"