Kalangun Surukina da Kwanonin Attantane

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, da fatan kana lahiya. Ni ne Mamman, mai samari, wato shugaban samarin Attantane, ƙasar Mayahi.

Motar sinima ta gwamnati takan zo garinmu, amma lasifikarta ta daɗe da mutuwa. Saboda haka surukina, tsohon makaɗin mahauta, shi ke zama gindin bango da kalangu yana yi wa hoto kiɗa. Da can gwani ne, yanzu kuwa ido ya yi rauni.

Ran Laraba kumandan, mai mulkin yankinmu, ya zo da sojojinsa, anka nuna hoton shanun da fari ya kashe, don a gargaɗi makiyaya. Baba, wato surukin nawa, ya hango saniya kwance, sai ya saki kiɗan fawa, wanda ake yi in an yanka. Malam, rabonmu da nama tun Layya. Nan da nan mata sunka cika fili da kwanoni. Wata tsohuwa har ta miƙa wa kumandan nata, ta ce a sa mata hanta.

Kumandan bai yi dariya ba. Ya ce in sa tsohon ya aje kalangu, ko in kwana gidan kaso. To ni ko ido ban iya haɗawa da uban matata. Na aiki ɗiyar tasa, ta dawo da amsa: "Gaya wa yaron nan, kumandan bai taɓa tara mutane haka ba."

Masu saurare, ku ba ni shawara da gaggawa. Motar za ta dawo watan gobe da hoton awaki, kuma Baba ya riga ya sake wa kalangu fata.