Ledar Gonata Ta Tafi Birni

An kwashe ledar, Malam, ko ɗaya ban ƙona ba! Af, assalamu alaikum, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ne Malam Sani daga wani ƙauye kusa da Makoda, kuma da hannuna na rubuto, albarkacin makarantar yaƙi da jahilci.

Mu nan sharar birni muke saye mu zuba a gona ta zama taki, sai mu tsince ledar da ke ciki mu cinna mata wuta. Bana maƙwabcina ya riga ni ƙonawa, hayaƙin ya sarƙe jikata Hafsa har sai da muka kai ta asibiti. Likita ya ce, "Baba, kada ta sake shaƙar wannan hayaƙin."

Ga hadari ya fara haɗowa, ga tulin leda a gonata da ke bayan ɗakinsu. In na bar ta babu shuka, in na ƙona ina tsoron ƙirjin yarinyar. Na je Ɗambatta wajen 'yan jari-bola, suka ce, "Baba, ƙarfe da roba muke saye, leda sai haƙuri." Zan juya kenan wani direba ya ce ya san masu narka ta a Kano, amma sai an kakkaɓe ƙasar an ɗura a buhu.

Duk gidan muka taru muka kakkaɓe. Shekaranjiya ya kwashe, har da ta maƙwabta. Ruwa ya sauka, yau na shuka gero, Hafsa na bina tana rufe rami.

Manoman Makoda da Bagwai, kafin kowa ya ƙyasta ashana, ya zo ya ga gonar nan da idonsa.