Inda Auta Ta Tsaya

A ɗakin jira na tasha, wani dattijo ya duƙufa kan waya yana wasan tuƙin mota na 'yan katun masu ban dariya. Budurwar da ke gefensa ta leƙo.

"Baba, ka wuce kwanar! Ai cewa aka yi ka kai yaran makaranta kafin lokaci ya ƙare."

"Na sani, 'yata."

"Akwai yanke ta bayan gidan mai. Kawo in haye maka."

Ya janye wayar zuwa ƙirjinsa. "A'a, bar shi. Wayar autata ce. A gadon asibiti take bugawa, ta yi ta dariyar direban nan mai tumbi idan ya daki kwandon shara. Nan ta tsaya."

"Ta samu sauƙi dai?"

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Yafe min, Baba."

"Amin, ba komai. Yanken ma ita ta nuna min. Amma idan na haye, wasan zai kai ni inda ba ta taɓa zuwa ba. Me zan je yi can ni kaɗai?"

Lokaci ya ƙare. Ya danna, motar ta koma farko.