Nauyin da Sikelina Bai Gani Ba

Kuɗin motar da ta kai ni Legas daga injin markaɗen Inna suka fito. Ta sayar wa wata maƙwabciyarmu a Fadaman Mada, ta damƙa min kuɗin, ta ce in je in nemo abin da takardar difulomata ta kasa samo min a Bauchi. Na fara da wannan ne, Mubarak, don ka san ban raina mai neman araha ba. Jiya na ji kana gaya wa su Rifkatu wai a saman tirela za ka tafi kudu, tunda kuɗin bas sun fi ƙarfinka. Zauna ka ji. Ku ma ku matso.

Ɗakin da na kama na wata tsohuwa ne da kowa ke kira Iya. Tun ranar farko ta raɗa min suna Aboki. Na ce mata, "Iya, aboki namiji ne." Ta ce ita ba ta ga bambanci ba, in dai zan daina shanya a igiyarta. Haka muka zauna shekaru, igiyar nan ba ta taɓa barinmu mun shirya ba.

Aikin da na samu a wata ma'ajiyar takin zamani ne kusa da tashar jiragen ruwa, ni ce mai kula da sikelin manyan motoci. Ƙaton faranti ne na ƙarfe shimfiɗe a ƙasa. Mota ta hau, nauyinta ya fito a kwamfuta a ɗan ɗakina na gilashi. 'Yan ofis suna ce masa webirij, direbobinmu na arewa suka mai da shi Wai Birij, sai ka rantse sunan unguwa ne. Idan lodi ya wuce iyaka, jar fitila ta kama, sandar ƙofa ba ta ɗagawa sai an rage buhu. Na sha zagi a kan fitilar nan, amma ban taɓa ɗaga sanda a kan ja ba.

Maigadin da ke riƙe da ƙofar shi ne Baba Yohanna, mutumin Bogoro, kakanki ke nan, Rifkatu. Da ya ji Hausata ya tambaye ni 'yar ina ce, na ce Bauchi, daga ranar ya zama ubana a garin. Shi ya fara nuna min abin da ke faruwa bayan ƙofa. Idan mota ta bar sikelina, ba ta yin nisa take tsayawa a wani fili. Nan 'yan ci-rani masu komawa gida suke hawa saman lodi, da buhunansu, da katifu, da babura. Direba ba ya iya hana ɗan garinsu, kuma da abin da suke ba shi yake cin abinci a hanya. Tsohuwar iyakarmu ta bar ɗan sarari tsakanin abin da muke ɗora wa mota da abin da za ta iya ja. A cikin sararin nan mutanenmu suke tafiya gida.

Shekarar da man gas ya yi tsada, aka kawo sabon manaja. Ba wawa ba ne, kada ku ɗauka. Ya tara mu ya ce za a ɗaga iyakar lodin kowace mota. Ya ce motocin suna da tayoyin da za su ɗauka, sawu zai ragu, mai zai ragu, manyan motoci a kan hanya za su ragu, taki ya isa hannun manomi da sauƙi. Na bi lissafinsa a natse, ban samu kuskure ba. Sai na bi shi ofis na gaya masa zancen filin nan.

"Malama, kamfanin nan ba ya ɗaukar fasinja," in ji shi.

"Kamfani ba ya ɗauka, ranka ya daɗe. Mota tana ɗauka."

"Aikinki daga farantin nan ya fara, a bakin ƙofa ya ƙare. Canza lambar."

Na canza. Daga ranar, lodin da jiya sunansa obalodi ya koma wucewa da koriyar fitila.

Ana cikin haka Baba Yohanna ya faɗi a bakin aiki, ɓarin jikinsa ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti ya ce shi dai a kai shi gida. Bas ba ta ɗaukar mutum a kwance. Ni ma Inna ta tsufa, na riga na ba da takardar ajiye aiki. Wani direba ɗan Bauchi, Alhaji Sale, mutum mai ƙarancin magana, ya ce zai ba Baba gadon da ke bayan kujerarsa, ni kuma in zauna gaba. Taki zai kai Bauchi. Ni na auna motarsa da hannuna a ranata ta ƙarshe, ta tsaya daidai kan sabuwar iyaka, ba ragi.

Ku lura da lokacin. Gab da damina ne, lokacin da taki ke tafiya arewa, kuma lokacin da 'yan ci-rani ke komawa gona. Da muka isa filin, mutane suka yi ta hawa, yawancinsu 'yan dako, wasu ma su suka loda buhunan. Mai aikin sikeli ba ya iya daina awo. Ina kallonsu ina tarawa a zuci, har na kawar da kai. Na ce wa Alhaji Sale motar nan ta cika tun a ƙofa. Ya ce ya sani, to wanne daga cikinsu zan nuna masa ya ce wa ya sauka? Ban iya nuna kowa ba.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ta yi ta ja tana nishi. Inda ake tsoro shi ne Hawan Kibo, dogon hayin nan da ake hawa kafin Jos, dutse a gefe guda, kwari a ɗaya gefen. Mun iso gindinsa da rana tsaka. Alhaji Sale ya tsaya, ya ce kowa ya sauka ya taka, a haɗu a sama.

Babu wanda ya motsa. Wani mai babur da ake kira Ɗan Azumi ya ce shi an taɓa yi masa haka, suka sauka, direba ya gudu da kayansu. Sauran suka goyi bayansa. Na fito, na tsaya inda duk za su gan ni, na ce musu ni ma zan taka. Na ce duk abin da na tara a Legas yana kan motar nan, kuma ga ubana a kwance a ciki. In direba ya gudu, da ni ya fara gudu. Sai suka fara dirowa ɗaya bayan ɗaya. Na roƙe su abu guda: kada kowa ya bi bayan motar, a bi gefen dutse.

Ta kama hawa a giya ta ɗaya, muna biye. Kwaltar wurin manyan motoci sun riga sun lotsa ta, ga rana ta narkar da ita. A wata kwana mai tsauri na ji muryar injin ta canza, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, sai ɗif. Motar ta tsaya. Sannan ta fara dawowa baya a hankali, gindinta yana karkata wajen kwari.

Mazan nan suka ruga da duwatsu. Na farko da aka sa, taya ta tura shi cikin kwalta ta haye. Aka mirgino manya, mutum uku uku. Ta tsaya, amma ana jin dutsen yana ƙara a ƙarƙashinta. Na zagaya don a fito da Baba, na tarar ƙofar ɓangarensa tana kallon kwari, babu wurin da mutum zai sa ƙafa. Ɗaya ƙofar kuwa Alhaji Sale ne a bakinta, ƙafarsa a kan birki, gumi yana zuba daga gemunsa. Ya ce min iskar birki tana raguwa, in ya ɗaga ƙafa shi ke nan.

Na leƙa ta gefensa. Baba yana kwance yana kallon rufi, leɓensa yana motsi.

"'Yata, matsa daga nan," ya ce.

"Ba inda zan je, Baba."

Na juya ga mutanen na ce a kwance igiya, a sauke babura, a fara sauke taki daga baya. Ɗan Azumi ne ya fara hawa. Sana'arsu ce, ba su jira an tsara su ba, biyu a sama suna miƙowa, sauran suna karɓa. Wani ya tambaye ni buhu nawa za a sauke. Na ce su yi ta saukewa, zan gaya musu. Na san inda tsohuwar iyaka take. Da tulin da ke gefen hanya ya kai ƙarin da aka yi, na ɗaga hannu. A lokacin dutsen ya daina ƙara.

Alhaji Sale ya yi bisimilla ya tayar. Ta yi rawa, ta yi baƙin hayaƙi, ta ɗaga daga kan duwatsun, ta tafi. Ba wanda ya yi sowa. Mun tsaya muna kallonta har ta kai wani ɗan fili can sama ta faka.

Buhunan kuwa na kamfani ne, ba a barinsu a hanya, in ba haka ba direba ne a ciki. Haka mazan nan suka ɗauke su a ka, sawu bayan sawu, har la'asar sakaliya. Ƙarin da aka yi a ofis mai sanyi, da wuyan mutane aka haura da shi dutsen.

Washegari muka shigo Bauchi, na miƙa Baba ga mahaifiyarki, Rifkatu, a Gwallameji. Ya ga daminar nan, ya ci sabuwar gyaɗa, sannan ya rasu a cikin 'ya'yansa. Ni kuma na dawo da firiza mai lotsattsen gefe, ita ce waccan da kuke shan ruwanta.

To Mubarak, ba zan ɗaure ka ba, ka girma. Amma duk motar da za ka hau samanta, akwai wata irina da ta auna ta, ta kunna mata koriyar fitila da zuciya ɗaya. Ni na auna ta Alhaji Sale, awona kuma daidai ne. Babu mutum ko ɗaya a cikinsa.