Madarar Gwangwani

A tashar Kibiya ana jiran motar Kano ta cika. Wata dattijuwa ta dubi matar da ke dama wa jaririnta madara.

"'Yar nan, ga nono Allah ya ba ki, sai gwangwani?"

"Inna, allurar ciwon daji ake yi mini. Likita ya ce tana bi ta nono, kada in ba shi."

"Mutanen gida fa?"

"Surutu kullum. Wai na yaye ɗan wata uku."

"Haka likita ya ce wa 'yata Barakatu. Ni na hana ta allurar, na ce sai ta yaye."

"Ta samu sauƙi?"

Dattijuwar ta miƙo hannu biyu.

"Kawo shi in riƙe miki. Ko wa ya yi magana, kada ki fasa zuwa asibiti."