Hannu na Uku na Injiniya Ghali

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Qatar, limaminmu Malam Abass, Alhaji Mansur, yayan marigayi, da ya taso tun daga Funtuwa, likitoci da injiniyoyi da ke sahun gaba, da mu direbobi da masu gadi da muka cika baya, 'yata Kausar ɗiyar marigayi, da mahaifiyarta Hajiya Rakiya, wadda takaba ta tsare a gida, amma tana jin mu ta wayar da ke hannun Kausar. Ina gaishe ku duka, Allah ya ba da ladan zuwa.

Sunana Uwais, direba ne ni a Al Gharrafa. Kwamiti ya zaɓe ni saboda na yi shekara biyu a gidan Injiniya Ghali Mijinyawa, suna ganin na fi kowa saninsa. Da sun san abin da zan faɗa, da watakila wani suka tsayar. Tsoro nake ji, kuma yau kwana arba'in ke nan ina jin sa.

Ya kasance mutumin da lambarsa ke aljihun kowane baƙo kafin ya sauka daga jirgi. Ya kasance wanda in kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ka aiki, ya riƙe maka fasfo, zai bar ofis ya je ya zauna, ya sha gahawa kofi biyar yana Larabcinsa mai ƙamshin Funtuwa, ba zai tashi ba sai an ce khalas, an gama. Ya kasance mai raka gawarmu har filin jirgi, ya kira iyaye da kansa don kada su ji a bakin duniya. Lokacin da kamfaninmu ya rufe, na rasa wurin kwana, bai tambaye ni ɗan gidan wane ne ni ba. Ya ce, “Yalla, ɗauko jakarka,” ya ba ni ɗakin baƙi a gidansa na Madinat Khalifa.

Wannan duk mun sani. Akwai kuma abin da muke faɗa ƙasa-ƙasa, wanda ya sa yau muke zaune a zauren haya, ba a gidansa ba. Muna cewa Injiniya yana da aljana. To, ni na fara faɗa.

Ran wata Asabar ce bayan azahar, cikin zafin nan da ke hana tsuntsu tashi. Hajiya da Kausar sun tafi hutu gida, ni na kai su jirgi, don haka na san shi kaɗai ne a ciki. Na je karɓar makullin mota, sai na ji fiyano daga falo. Na san yana kaɗawa, tun yana karatu a Italiya ya koya, ban taɓa tsayawa na saurara ba. Ran nan na tsaya. Na ji hannu ɗaya a ƙasa yana gurnani. Na ji wani a sama yana zubo da sauti kamar an buɗe famfo. A tsakiyarsu kuma ga na uku, a hankali, ba gaggawa, kamar mace tana kuka tana ƙoƙarin haɗiyewa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Na leƙa ta taga, na ga bayan mutum ɗaya.

Jama'a, ni Uwais da na yi gadin ma'ajiya shekara shida ni kaɗai, na fita gidan nan ba takalmi, ina karanta Ayatul Kursiyyu ina tsallake tsakiyarta. Da yamma a Souq Waqif, wurin shan shayinmu, na gaya wa mutum biyu, na ce kada su gaya wa kowa. Kun san mu da riƙon sirri. Kafin wata Juma'ar, aljanar ta samu suna da gari, har an ce ita ta sama masa aikin iskar gas da gidan.

Ba mu daina neman sa ba, a'a. Muna kiransa in mun shiga uku, amma a bakin ƙofa muke tsayawa. Abincin sallah da Hajiya ke aikowa ya riƙa komawa da murfinsa. Ni kuwa na kwashe kayana, na ce gidan ya yi mini nisa da aiki.

Wata uku kafin rasuwarsa, ciwo ya riga ya ramar da shi, ya aika a kira ni. Na je. Ya zauna gaban fiyanon, ya nuna mini kujera dab da shi, ya ce, “Malam Uwais, matso ka gaisa da aljanar.”

Ya yi mini bayani kamar yadda yake wa sabon zuwa bayanin takardar zama. Ya ce mutanen Italiya suna da wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa daga farko har ƙarshe, opera suke ce masa. Kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, babu rediyo babu faifai, wanda bai samu shiga gidan wasa ba sai dai ya ji labari. Sai gwanayen fiyano suka riƙa ɗauko karin waƙoƙin suna tsara su yadda mutum ɗaya zai ɗauki nauyin mawaƙiya da makaɗanta gaba ɗaya, a cikin falo. Amma yatsu goma ne kawai. Dabarar ita ce su ajiye muryar mawaƙiya a tsakiya, babban yatsan dama ya taɓa, na hagu ya karɓa, suna miƙa wa juna, sauran yatsu takwas suna ta kai-komo sama da ƙasa. Kunne sai ya rantse hannu uku ne.

Ya kaɗa a hankali ina kallo. Na ga matar da ta kore ni ba takalmi tana fitowa daga manyan yatsu biyu, ɗaya ma da tabon ƙuna.

Ku ɗaga manyan yatsunku ku duba. Abin da muka guje wa ke nan shekara huɗu.

Da ya gama bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ya san daga bakina maganar ta fito tun makon farko. Ya ce shi bai damu ba, tafiya zai yi. “Amma Rakiya za ta zauna a gidan nan wata huɗu da kwana goma, ba ta da uwa ba ta da ƙanwa a ƙasar nan. Ka gaya musu.” Na ce in sha Allahu.

Ban gaya muku ba. Kullum in na buɗe baki sai in ji tsoron a ce ga wanda aka ba ɗaki ya saka da ƙazafi. Na ce sai Juma'a, Juma'a ta zo na ce sai ya samu sauƙi. Ranar da muka sa shi a kabari, ina zuba ƙasa ina tuna cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Tun ran nan barcina bai cika ba.

Yanzu kuma an ce ana jin kiɗan a gidan bayan la'asar, alhali mai gida yana kabari. Gaskiya ne, ana ji. Kausar ce. Tun tana shekara bakwai ubanta ke koya mata, kuma mahaifiyarta ce ke roƙon ta, don shirun gidan ya yi mata yawa.

Ban tsaya nan don in yi fatawa a kan kiɗa ba, ga Malam Abass nan, kowa kuma yana da malaminsa. Amma babu malamin da ya ce a bar mai takaba ita kaɗai. Iyayenmu mata, cikin kwana arba'in ɗin nan, wa ya wuce ƙofar ya zauna da ita? Ni na san amsar, don matata Haulatu ma ni na hana ta.

Alhaji Mansur, ka yi haƙuri, ƙanenka mutumin kirki ne, mu ne muka gaza. Kausar, ubanki bai bar miki abin kunya ba. Hajiya Rakiya, na san kina ji. Ba zan nemi gafararki ta waya ba, a gaban mutane, inda kunya za ta sa ki ce kin yafe. Zan zo ƙofar da na fita da gudu, in tsaya, ki faɗi abin da ke ranki. Wallahi na fi jin tsoron wannan tsayuwar fiye da waccan ranar.

Na gode wa kwamiti, na gode muku da kuka saurare ni ba ku tashi ba. Allah ya jiƙan Injiniya Ghali, ya haskaka kabarinsa, ya sa taimakon da ya yi mana ya tarye shi. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya yafe mana abin da harsunanmu suka ɗauko, ya sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu. Amin.

Saura kwana casa'in Hajiya ta fita takaba. Motata, bas ɗin nan, tana waje, Haulatu ta riga ta shiga da kular abinci, kuma akwai sauran kujera goma sha biyu.

Wassalamu alaikum.