Baba Ya Ce Ba Injin Da Zai Wanke Masa Jini

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Salamarsa ta tabbata a kanku.

Sunana Rifkatu Ishaku. Ina ɗinki a bayan babbar kasuwa, Marshe Santiral, kuma ina cikin zumuntar mata a nan. Kun saba ganina ina waƙa da fara'a, amma na gida sun san wace ce ni. Ina da zafin rai, kuma bakina ba ya jira.

Babana, Dattijo Ishaku, kun san shi, ga shi can a layin gaba yana hararata. Shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa kafin ya ajiye. Yana da ciwon suga, kuma ba ya jin maganar kowa.

Abin ya faru a shekarun da rikici ya koro danginmu daga ƙauye. Ɗaki biyu muke da su a unguwar Nuyu Bel, sai da muka kai mu tara. Da damina ruwa ya cika mana tsakar gida, Baba ya shiga kwata ba takalmi don ya buɗe wa ruwan hanya, wani tsohon kwano ya yanke shi a ƙafa. Ya gaya wa wani? Ina! Ya ɗaure da tsumma, ya sa safa a kai. Ƙanwarsa, Goggo Talatu, ita kaɗai ta sani, tana shafa masa toka da man kaɗanya a ɓoye.

Kwana tara ke nan ina ce masa, “Baba, me ya sa kake ɗingishi?”

“Tsufa ne. Je ki ɗinkinki.”

Ran nan da hantsi aka kira ni a shago. Na hau mashin na zo, na tarar jikinsa yana rawa, zafi kamar garwashi, yana kirana da sunan mahaifiyata da ta rasu. Da na zare safar, warin ya kore yara daga ɗakin.

A asibiti suka wuce da shi kai tsaye ɗakin masu ciwo mai tsanani, wanda suke kira reya. Likitar, wata doguwar mace, ta ce ƙwayoyin cuta sun bi ta ƙafar sun shiga jini, ƙodarsa ta tsaya, fitsari ba ya fita. Sai an yi masa wankin ƙoda a ranar. Ta miƙo mini takarda da biro. Baba ba ya cikin hayyacinsa, ni ce babba, na sa hannu.

Goggo ta ce na sayar da jinin ɗan'uwanta. Dangi na ta bugo waya, kowa da maganinsa. Wani ya ce a ba shi tafarnuwa, mutumin da ko ruwa ba ya haɗiya! Safe da yamma ana ba mutum ɗaya minti goma ya shiga, sauran lokacin kana benci kana kallon ƙofa. Na daina ci, na daina wanka yadda ya kamata, duk wanda ya ce mini sannu sai na ji kamar in mare shi.

A kwana na huɗu Baba ya farfaɗo. Na shiga da murna, hawaye na zuba. Ya dubi bututun da ke wuyansa, ya dube ni.

“Wa ya ba su izini?”

“Ni ce, Baba.”

“Jinin Yesu ya riga ya wanke ni. Ba injin da zai sake wanke mini jini. Ku cire.”

Na ce, “Baba, wannan daban, wancan daban.” Ya juya fuska bango. Likita ta zo ta yi masa bayani da Faransanci, na maimaita da Hausa, ya ce ya ji duka biyun, kuma a'a. Tunda ya dawo hayyacinsa, ba za su tilasta masa ba. Ta ja ni gefe ta ce in bai yarda ba zuwa jibi, in shirya zuciyata.

Fasto ya zo ya karanta masa Littafi, Baba ya gyara masa wata aya. Kai, jama'a!

Washegari ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Na roƙa, na durƙusa, ya ce bangaskiyata ƙarama ce. A nan ne na yi abin da ya sa nake tsaye a gabanku. Na ɗaga murya a ɗakin da mutane ke kwance tsakanin rai da mutuwa, na ce wa uban da ya haife ni, “To ka mutu mana! Ka mutu mu huta!”

Nas ta kama hannuna ta fitar da ni.

Na zauna a kan matakala a bayan ginin, rana tsaka. Addu'ar da na yi ba mai daɗin ji ba ce. Na ce, “Ubangiji, na gaji. Kai ka yi shi da wannan taurin kai, ni ban iya da shi ba. Na yi faɗa da Goggo, na yi da shi, yanzu saura kai. Ka karɓi kayanka. Kuma ka yi wani abu da wannan bakin nawa.” Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ban ji wata murya ba. Amma na tashi ba na jin haushin kowa, karo na farko tun da muka zo asibitin.

Da na koma benci sai ga Alhaji Sule, maƙwabcinmu, abokin Baba tun suna tuƙi tare. Ya ce, “'Yata, ki bar mini minti goman yamma.” Da a ce jiya ce, da na ce fasto ma ya kasa. Sai kawai na miƙa masa rigar da ake sawa a shiga ɗakin.

Ta gilashi nake hango su. Alhaji na magana yana nuna hanya da hannu, Baba na ɓata rai. Da ya fito na ce, “Baba Alhaji, me ka ce masa?”

“Ce masa na yi, Ishaku, ban taɓa ganin ka tada mota ba ka yi addu'a ba. Amma ran da filtar mai ta toshe mana a hanyar Ngaundare, addu'a ka yi ko sauka ka yi ka wanke ta? Ya ce duka biyun. Ya ce shi mota ne? Na ce tsohuwa ma kuwa.”

“To ya yarda?”

“Ya yarda. Amma ya ce kada a gaya miki.”

Halleluya! Ni da nake jiran mala'ika, Allah ya aiko tsohon direba da carbi a hannu.

An yi masa wankin sau shida. An yanke yatsu biyu na ƙafar. Ran da fitsari ya fara taruwa a leda, ni da Goggo muka rungume juna muna rawa a kan fitsari, nas-nas na mana dariya. Bayan mako uku likita ta ce ƙodar ta kama aiki da kanta, aka cire bututun.

Da muka dawo gida na kasa haɗa ido da shi. Ranar Lahadi na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe mini abin da na faɗa.”

Ya ce, “Na ji ki sarai ran nan. Ni ma na ba ki wahala. Da ba ki gado taurin kaina ba, da kin ji tsoron Talatu ba ki sa hannu a takardar ba. Tashi.”

Har yau muna faɗa a kan suga a shayi. Amma bakina ya fara koyon jira, kuma wannan ba aikina ba ne.

Na gode wa Allah da ya ba ni ubana sau biyu. Kai da kake jinya ka gaji har ka fara faɗin abin da bai kamata ba, kada ka ɓoye wa Ubangiji, ka kai masa haushin yadda yake. Ya karɓi nawa. Kuma don Allah, dattawa, in kun ji ciwo ku faɗa!

Yabo ga sunan Yesu. Amin.